An sabunta PS4 a Gezawa, zauren masu shagon gem ya rikice

Na Gezawa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi yau raina a ɓace yake. Na'urata PS4 da ke kan manhaja mai lamba 9.00, wadda ita ke riƙe da shagon nan, yaron da ke tsare min ya haɗa ta da intanet ɗin wayarsa, ta nemi ofdet, ya danna. Yanzu falash ɗin da ake soka mata don ta karɓi wasannin da aka loda ba ya buɗe ta, wasannin ciki duk sun kulle, ga yara cike da rumfa suna jira. Ni dai na faɗa, ofdet ba ta da wani amfani ga mai shago a ƙauye, duk wanda ya bari aka yi masa ya kashe jarinsa. Sana'ata ta halak, yaro ya rusa min ita kafin la'asar.

Ɗan Ringim: Wa'alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, oga. Wace lamba ta koma?

Malam Dambatta: Allah ya sauƙaƙa. Amma ɗan'uwa ka ce halak. Wasannin da ke cikin na'urar nan, guda nawa ka saya? Loda maka aka yi a birni, masu wasan ba su ga ko kwabo ba. Mu ji tsoron Allah wajen zaɓen kalma.

Na Gezawa: Malam, ana maganar asara kana maganar fatawa? Na'urar da kuɗin gyaɗata na saye ta.

Malam Dambatta: Na'urar taka ce, ban musa ba. Abin da ke cikinta nake tambaya.

Ɗan Ringim: To ai buɗe na'ura daban, satar wasa daban. Ni PS3 ɗina a buɗe take, kuma abin da ya fi min amfani wata ƙaramar manhaja ce mai suna webMAN, da ita nake ƙara gudun fanka. Wanda ya san zafin Ringim a watan Afrilu ya san in ba haka ba na'ura mutuwa za ta yi. Ga ƙurar hunturu da ke kashe idon da ke karanta faifai. In na kwafe faifan da na saya na zuba a ma'ajiyar na'ura don kada idon ya gaji, wa na cuta? Waɗannan ƙananan manhajoji mutane ne irinmu suka zauna suka rubuta, suka bayar kyauta.

Malam Dambatta: Faifai nawa ka saya, tsakaninka da Allah?

Ɗan Ringim: Wannan kuma ba a zaure za ka tambaye ni ba.

Injiniya: Ku ɗan saurara. Na Gezawa, kada ka sake yi mata wata ofdet, kada ka bari wani ya ce zai sake zuba mata manhaja daga farko. PS4 tana ajiye lambar da take kai da wadda ta bari ta ƙarshe. Daga cikin menu ba a komawa baya, amma mai gyaran da ya iya dalma zai iya taɓa ƙananan cif guda biyu a kan allonta ya mayar da ita 9.00. Aiki ne mai haɗari, hannu ya kuskure shi ke nan. In kuma ka ƙara ofdet a kai, 9.00 ɗin ta tafi.

Baban Yara Kazaure: Maganar halak ɗin nan, ai an yi shari'arta a Amurka. Wani yaro George Hotz ya buɗe PS3, Sony ta kai shi kotu a 2011, ya kayar da su.

Injiniya: Bai kayar da kowa ba, yaya. Sulhu aka yi a watan Afrilun shekarar, ya amince ba zai sake taɓa kayansu ba.

Baban Yara Kazaure: Tunda ba a ɗaure shi ba ai ya ci.

Malam Dambatta: Kuma tun yaushe kotun Amurka ta zama mai faɗa mana halak da haram?

Ɗan Ringim: Malam, a 2010 kamfanin da kansa ya fitar da ofdet 3.21 ya cire damar saka manhajar kwamfuta ta Linux a PS3, alhali da ita aka sayar wa mutane na'urar. Wannan fa, me sunansa?

Malam Dambatta: Laifin wani ba ya wanke naka.

Auta Wudil: Ni abin da ke ba ni mamaki, masu PS3 ne ke ta surutu. Na'urar 2006! PES 2018 ne na ƙarshe da ya fito muku, FIFA kuma 19. Sai dai ku yi ta canza wa 'yan wasa riga kuna cewa sabo ne.

Ɗan Ringim: Yaro, PS3 in an zuba mata cikakkiyar manhajar buɗewa, ko sau goma aka ɗauke wuta a buɗe za ta tashi. Taku fa? Janareto ya yi tari, sai a koma neman falash, kwastoma na tsaye.

Auta Wudil: Ba kowace PS3 ba. Samfurin Super Slim ba ta karɓar wannan, wata manhajar buɗewa mai suna HEN ake sa mata, ita ma sai an kunna duk tashi. Kuma kada ka sake ce min yaro, shagona ya girmi naka.

Baban Yara Kazaure: Mutanen Wudil dai ba sa raina abin faɗa.

Auta Wudil: Ku na Jigawa a ina kuke sayo fad ɗin buga wasan ma in ba Kano ba?

Na Gezawa: Jama'a ni fa na kawo kuka, kowa ya kama gabansa. Yaron nan ɗan yayata ne, in kore shi ko in bar shi?

Malam Dambatta: Ka fara janye kalmar tukuna.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Na karanta komai tun daga sama. Abin da aka tsayar shi ne PS3 ta fi dacewa da shagon ƙauye, Ɗan Ringim ya kawo hujjar wuta da ta zafi, babu wanda ya iya rushe ta. Ni kaina guda uku ke gare ni, ba wadda yaro ya taɓa lalata min da danna maɓalli ɗaya. Auta, ka rage zafin kai in manya na magana, kuma ka ba Baban Yara haƙuri. Malam, muna girmama ka, amma nan zauren sana'a ne, tambayar faifai nawa mutum ya saya ba hurumin kowa ba ce. Na Gezawa, ka goge intanet ɗin wayar yaron daga na'urar, ka sayar da ita yadda take ka kawo kuɗin a nemo maka PS3 biyu masu kyau. Duk wanda ya sake ɗaga maganar halak yau zan cire shi sai Juma'a.