Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: to wane ne mai ɗakin?

Ɗan Kurmi: Salamu alaikum jama'a. Daren jiya saura ƙiris mu raba gari da mijin ƙanwata a teburin mai shayi. Wani yaro ne ya kunna mana hirar nan a waya, inda mahaifin marigayi Bilyaminu Bello ya zauna kusa da mahaifin Maryam Sanda, matarsa da kotu ta yanke wa hukuncin rataya kan kashe shi, a gaban 'yan jarida a Abuja, yana cewa shi ya yafe, har ma ya nema mata afuwa saboda jikokinsa. Na ce ni dai abin bai kwanta min ba. Sai surukin nawa ya dire kofi ya ce, "Haba Yaya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Na ce to gidan da yaron ya tashi a hannunsu fa, da suka fitar da sanarwa cewa an zalunce su da afuwar da shugaban ƙasa ya yi mata, su 'yan haya ne? Ya ce haihuwa daban, riƙo daban. Mai shayi ne ya shiga tsakani. Don Allah, karin maganar nan tana da mazauni a nan?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Surukinka ya fi ka gaskiya. Mutum ya rasa ɗa, ya ce ya bar wa Allah, mu da muke kallo a waya mu ne za mu fi mai kora shafawa?

Na-Kantin Kwari: Hajiya, ai rigimar ke nan. Ɗaki ɗaya, masu mukulli biyu. Wanda ya haifa ya ce ba ya yoyo, wanda ya rena ya ce ruwa har gado. Karin maganar ba ta san da riƙo ba.

Malam na Zaure: Kuna amfani da ita kamar hukunci, alhali tsawatarwa ce. Ana faɗa wa mai shisshigi ne ya ja bakinsa. Ba ta ce duk abin da mai ɗaki ya yanke daidai ne ba, ta ce ya san wurin. Sani daban, gyara daban. Sannan ku tuna ba kotun Musulunci ce ta yi shari'ar ba. Babbar Kotun Abuja ce, Mai shari'a Yusuf Halilu, ranar 27 ga Janairu 2020, kan kisan da aka yi a Nuwamba 2017, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin rataya a ƙarshen 2020. A wannan tsarin gwamnati ce mai ƙara, yafiyar uba ba ta goge komai. Afuwa ta shugaban ƙasa ce, sashe na 175 na tsarin mulki. Ko a wurinmu Malikiyya, inda masu jini suke da ikon yafe ƙisasi, wanda aka yafe wa a kisan ganganci yana shan bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Wato ko a can akwai hakkin unguwa a kan ɗakin.

Direban Zariya: Malam, idan gwamnati ce mai ɗaki, wallahi mun shiga uku. Waɗanda ruwa ke zuba a ajin 'ya'yanmu shekara goma ba su gani ba?

Na-Kantin Kwari: Suna gani mana, sai dai daga jirgin sama.

'Yar Gumel: Ku bar ni in ba ku labarin kakarmu, Inna, Allah ya ji ƙanta, don ita ce mutum ta farko da na ji ta yi wannan karin maganar, kuma ba yadda kuke yin ta ba.

Tun kafin a haifi mahaifiyata, ɗan Inna na fari ya yi faɗa da ɗan maƙwabta a kan iyakar gona, lokacin noman farko. Fartanya ɗaya aka ɗaga, ɗan nata ya kwana biyu ya cika. Gari ya ɗauka. Dattawa suka yi ta sintiri, har aka zauna a zauren dagaci, aka kira ta ta tsaya daga bayan zana. Kakanmu ya riga ya ce ya yafe, aka ce saura ke. Ta ce ita ma ta yafe. Aka yi ta sa mata albarka, liman ya kawo ta a wa'azi, mata suna zuwa kallonta kamar wadda ta dawo daga Makka.

To rijiyar unguwar tana bayan gidan su wanda ya yi kisan ne, taku kaɗan daga ƙofarmu. Daga ranar Inna ba ta ƙara bin wannan lungun ba. Sai ta ɗauki tulu ta zagaya ta bayan maƙera, ta bi ta gindin tsamiya, ta dawo rijiyar ta ɗaya gefen. Na tashi na same ta tana wannan zagayen, gammo a ka, bayanta ya fara rankwafawa. Amma in an yi haihuwa a gidan nan, ita ce ta farkon aika ƙwaryar gero da sabulu. Kuma shi wanda ya yi kisan, in ya durƙusa gaishe ta a hanya, tana amsawa har da tambayar iyali.

Wata rana wata baƙuwa ta ce, "Inna, ke kam zuciyarki fes, ba irin ta mutane ba." Inna tana tsince wake a faifai, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Da baƙuwar ta fita na tambaye ta. Ta ce, "Bakina ya yafe tun a zaure. Ƙafata ce har yau take shawara."

Shi ya sa in na ga an kafa wa tsoho abin magana a baki, fitila na haska masa ido, ana cewa "Baba yaya kake ji," sai in tuna da bayan zanar nan. Abin da ya faɗa gaskiya ne. Amma kyamara ba ta bin mutum zuwa rijiya.

Uwar Biyu: Allahu Akbar. Allah ya yi mata rahama. Kin sa ni hawaye ina tsakar tuƙa tuwo.

Ɗan Kurmi: Amin. Amma 'yar'uwa kin ƙara rikita ni. Inna ta yi ta ne don a daina yabonta, surukina ya yi ta don in daina suka. Ke nan tana rufe bakin kowa?

Direban Zariya: Ban da bakin 'yan siyasa. Lokacin Hanifa, yarinyar Kano 'yar shekara 5 da aka kashe, an zo gaban talabijin an ce da zarar kotu ta yanke hukuncin kisa za a sa hannu. Kotu ta yanke a Yuli 2022. Ina jin biro ne ya ƙare.

Na-Kantin Kwari: Ana jiran kwangilar tawada.

Malam na Zaure: Ku dai yi a hankali. Ita ma afuwar da aka yi wa Maryam ai ba ta tsaya yadda aka fara sanarwa ba. Sunaye 175 aka fitar a Oktoba 2025, da hayaniya ta yi yawa aka sake tace su, nata ya koma ɗaurin shekara 12. Wato maƙwabta sun yi ihu, an hau rufi.

Uwar Biyu: Duk kun manta da yaran nan biyu. Wata rana za su girma su buɗe waya su ga kakanninsu, su ga abin da muka rubuta a ƙasa. In akwai mai ɗaki, su ne, kuma ba wanda ya tambaye su.

Bazazzagi: Ni a garinmu "inda ruwa ke zuba masa" muke cewa, ba yoyo ba. Yoyo na bokiti ne.

Na-Kantin Kwari: Ga shi nan, Zazzagawa sun iso. Ɗan Kurmi, ka dai biya wa surukinka kuɗin shayin?

Ɗan Kurmi: Shi ya biya, har da ƙwai biyu. An kira magariba, zan dawo. 'Yar Gumel, ba ki faɗa mana ba, shi mai fartanyar ya zo jana'izar Inna?