Golf 3 ɗina: wuta na wasa, wani lokaci ta ƙi tashi

Direban Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Golf 3 nake ja tsakanin Zariya da Kaduna, da ita nake ciyar da iyali. Tun da aka buge min baya na kai ta gyaran jiki da fenti, ban sake samun kwanciyar hankali ba. In na taka birki na kunna sigina, sai fitilun baya duk su riƙa ƙyafta tare, haske dishi-dishi. In na shiga gargada, allurar mai ta faɗi ta dawo. Abin da ya fi ci min rai, shekaranjiya a tasha fasinja sun cika, na murɗa makulli, sai "ƙat" kawai. Da aka tura ta tashi. Da safe kuma bugu ɗaya ta kama. Na sayi sabon batir, na canza fiyus biyu, a banza. Kuma duk ranar da na kai ta gareji sai ta yi lafiya lau. Don Allah ina zan duba?

Tsohon Mai Wayarin:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka daina sayen kaya tukuna, matsalar at ce, wato hanyar da wuta ke bi ta koma batir. Wuta daga batir take fita, ta jikin ƙarfen mota take komawa. In hanyar komawa ta toshe, sai ta bi ta cikin wani kwan, shi ya sa fitilunka ke ƙyafta tare. A Golf, waya mai ruwan ƙasa ita ce at. Buɗe but, ka bi ta daga fitila har inda aka ɗaure ta da noti. Ina kyautata zaton a kan sabon fenti aka mayar da ita. Kwance, ka goge wurin da sanfefa sai farin ƙarfe ya fito, ka ɗaure tamau, ka shafa giris a sama saboda damina.

Ƙin tashin kuma daban ne. Ranar da ta sake yi, kada a tura. Ɗauki wayar jam guda, irin wadda ake jona batir da batir da ita, ka maƙala a kan batir na nagetif, ɗaya bakin a jikin inji. In ta tashi, babbar wayar at ta inji ce ta ci tsatsa ko ta saki. Kada ka yi sakaci da ita. Na taɓa ganin wadda wutar ta bi ta wayar kuloci har robarta ta narke.

Ɗalibin Kanikanci:
Baba ya gama magana. In akwai mitar awon wuta, batir ya nuna kusan volt 12.6 in mota na kashe, inji na aiki 13.8 zuwa 14.4. Kuma kar ka yarda a cire kan batir mota na aiki wai gwajin caji, yana iya kashe altaneta, na'urar da ke cajin batir.

Direban Zariya:
Baba, Allah Ya saka da alheri. Wallahi notin na baya da yatsa na juya shi, ƙarƙashinsa fenti ne fal. Na goge, fitilu sun daidaita. Wayar at ta injin kuma da na bare robar, zaren ciki ya yi kore, rabi ya tsinke. Na sa sabuwa mai kauri. Sawu huɗu na yi yau ba ta yi gardama ba. Allurar mai ce dai har yanzu take rawa a gargada, gobe zan ɗaga kafet ɗin but in duba wayar tanki.