Yadda Za a Fahimtar da Ɗalibi Tafiyar Haske a Inda Babu Iska

Malaman kimiyya sun tattauna kan tambayar da ɗalibai ke yawan yi: in sauti ba ya ratsa wurin da babu komai a cikinsa, me ke ɗauke da hasken rana ya ratsa samaniya, inda babu iska, ya kawo mana? Ga abin da na tsinta.

Mafi yawansu sun ce a fara da gwaji. A sa ƙararrawar lantarki cikin tulun gilashi, a zuƙe iskar. Ƙarar za ta yi ta raguwa har ta kusa ɓacewa, amma ɗalibi na ganin sandar ƙararrawar tana bugawa. Ke nan haske ya ratsa inda sauti ya kasa.

Daga nan sai bayanin masanin kimiyya Maxwell na 1865, cewa haske igiya ce ta lantarki da maganaɗisu: canjin ƙarfin lantarki yana tafe da ƙarfin maganaɗisu, canjin wannan kuma yana tafe da na lantarki, a haka igiyar ke ci gaba ba tare da ta jingina da komai ba. Nan ya kamata malami ya daɗe, don nan ne yara ke ruɗewa. Wani malami ya ja kunne kan kwatanci da igiyar ruwa, kuma ina ganin yana da gaskiya: yaro zai ɗauka dole akwai wani abu da ke kaɗawa a samaniya. Masana ma sun nemi wannan abin, amma gwajin da biyu daga cikinsu, Michelson da Morley, suka yi a 1887 bai gano shi ba.

A kuma ba ɗalibai lissafin lokacin da hasken rana ke ɗauka ya iso mana su yi da kansu: gudun haske kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, nisan rana kilomita miliyan 150. Za su samu minti 8 da daƙiƙa 20.