Heda ɗaya tsakanin direba da manhaja, ya ake yi?

Bashir: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ina haɗa na'ura a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi 4 da za ta riƙa lura da batirin solar injin ban ruwa a fadamar Kwalkwalawa. Na rubuta ɗan direba (shirin da ke magana da na'urar) cikin kanel, wato zuciyar Linux. Manhajar waje, wadda ke gudana wajen kanel, kuma tana tambayarsa ta ioctl, hanyar aika wa direba umarni. Struct ɗinsu, wato jeren bayanan da suke musaya, ɗaya ne, shi ya sa nake son su yi amfani da heda ɗaya, fayil ɗin .h da ke bayyana shi. Da na nuna wa gcc, kompailan da ke gina manhajar, hanyar /usr/src/linux-headers, kurakurai suka cika allo. Mi ya kamata in yi?

Malam Nasiru: Wa alaikumus salam. Fitar da hannunka daga wannan jakar, Bashir. Fakitin linux-headers na masu gina modul ne, wato guntun da ake ƙara wa kanel. Na manhajar waje shi ne linux-libc-dev a Debian da Raspberry Pi OS, kernel-headers a Fedora. Su ke zuba fayiloli cikin /usr/include/linux.

Hauwa'u: Haka ne Malam. Tun Linux 3.7, ƙarshen 2012, David Howells ya ware abin da ya shafi manhajojin waje zuwa include/uapi. In kanel ɗin kai ka gina shi, buga make headers_install tare da INSTALL_HDR_PATH. Zai tankaɗe duk abin da ke ƙarƙashin __KERNEL__ ya ba ka tsabtatacce.

Bashir: Na gode Anti Hauwa'u. Amma struct ɗin nawa ne, ba ya cikin nasu.

Injiniya Aminu: To ka yi naka uapi ɗin. Fayil ƙarami guda, kada ya jawo komai sai linux/types.h da linux/ioctl.h. A ciki ka yi amfani da __u32 da __u64 kawai. Ban da long, ban da size_t, fointa ma ka saka ta cikin __u64. Ga dalili: Pi 4 kan tashi da kanel mai bit 64 ko da tsarin da ke samansa mai bit 32 ne. Long a wajen manhaja bayit 4, a wajen direba bayit 8. Kuma _IOR na cusa girman struct cikin lambar umarnin, don haka lambar da manhaja ta aika ba ita direba ke jira ba, sai ka ga kuskuren ENOTTY ka yi ta zargin wayoyin haɗi. Ko girman ya daidaita, sai ka cika compat_ioctl, mai karɓar kiran manhaja mai bit 32, cikin file_operations na direban. In duk umarninka fointa suke karɓa, compat_ptr_ioctl ya wadatar.

Hauwa'u: Ka kuma lura da giɓi. In __u64 ya biyo __u32, kompaila na barin bayit 4 tsakaninsu a ARM, amma a x86 mai bit 32 ba ya bari. Cike gurbin da kanka da filin __u32 pad, ka share struct da memset kafin copy_to_user, kada sauran abin da ke ƙwaƙwalwar kanel ya zubo waje.

Sani: Ni dai kwafar hedar nake yi in ajiye cikin aikin manhajar. Ai masu iproute2, kayan aikin sadarwa na Linux, ma haka suke yi.

Malam Nasiru: Su kanel ba a hannunsu yake ba, Sani, dole su kwafa. Shi direba da manhaja duk nasa ne, wuri guda. Kwafi biyu, wata rana zai ƙara fili a ɗaya ya mance ɗayan, alhali na'urar tana can fadama.

Sani: Na ji Malam, amma ranar da ya raba direba da manhaja zuwa rumbun ajiya biyu, maganata za a dawo.

Injiniya Aminu: In manomi zai sayi abin, duba lasisin da ke layin farko na yawancin hedojin uapi: GPL-2.0 WITH Linux-syscall-note. Wannan ƙarin ne ke sa GPL ba ta hawa kan manhajar da ke kiran kanel ta hanyar da aka saba. Direban kansa hukuncinsa daban.

Bashir: Yanzu na duba. uname -m ya ce aarch64, getconf LONG_BIT ya ce 32, kuma akwai long biyu cikin struct ɗina.

Injiniya Aminu: Mai da su __s64. Bayan la'asar ka taho da Pi ɗin shagona a Mabera, mu gwada da strace, mai nuna kiran da manhaja ke yi wa kanel.