Rauni, Ɓaraka ko Tsaga?

Jama'a, ku taya ni. Jiya a shagon gyaran kwamfuta kusa da Ƙofar Kaura muka yi ta gardama kan yadda za a ce vulnerability da Hausa, wato kuskuren da ke cikin babbar manhajar kwamfuta, irin su Windows da Linux, wanda ɓarayin intanet ke bi su kutsa.

Yawanci ana cewa "rauni". Ni bai kwanta min ba. Ka ce kwamfuta ta samu rauni, sai a zaci faɗuwa ta yi.

Wani abokina ya kawo "ɓaraka", kuma hujjarsa na da ƙarfi: gyaran da kamfani ke turowa faci ake ce masa, ɓaraka kuwa ita ake yi wa faci. Na jinjina masa. Sai dai ɓaraka daga baya take zuwa, bayan riga ta sha jiki. Wannan abin kuwa tun ranar gini yake ciki. Ku dubi Shellshock: tun 1989 wannan kuskuren ke kwance cikin Bash, manhajar da ake ba su Linux umarni da ita, ba a gano shi ba sai 2014. Shekara 25 ana kwana a ɗakin!

Shi ya sa nake goyon bayan "tsaga". Mu da muka tashi a gidajen ƙasa mun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙadangaren farko da ya yi suna shi ne tsutsar Morris, manhajar ɓarna mai yaɗa kanta, wadda wani ɗalibin Jami'ar Cornell ya saki a Nuwamban 1988. Ta bi tsagogin babbar manhajar Unix ta durƙusar da kwamfutoci kusan 6,000, lokacin intanet na rarrafe.

Abin da ya fi ci min rai shi ne WannaCry, manhajar ɓarna mai kulle bayanan kwamfuta ta nemi kuɗin fansa. Microsoft ta fitar da gyara a Maris 2017, mutane suka yi sakaci, a watan Mayu annobar ta afka wa ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. An ga tsaga, an kawo ƙasar yaɓe, aka bari har damina ta faɗi.

Akwai kuma wanda ya ce "kafa". Malam, na ji, "toshe kafa" ya zauna a baki. Amma kafafen sadarwa sun riga mu kama kalmar, za a rikita masu karatu.

Saura tsagar da ɓarawo ya gano tun magini bai sani ba, irin guda huɗu da tsutsar Stuxnet ta bi a Windows a 2010. Ni "ɓoyayyiyar tsaga" na ce. Yayyenmu na Daura, ku me kuka gani?