Wane yaren kwamfuta mai fara koyon rubuta manhaja zai kama?

Ga abin da na tsinto daga muhawarar da aka yi kan wannan tambaya:

1. Mafi yawa sun ce Python, don sauƙin karantawa. Amma sabon samfurinsa, Python 3, tunda an daina kula da tsohon, Python 2, a 2020.
2. Mai son gina shafin intanet ya kama JavaScript, burauza (manhajar buɗe shafukan intanet) kaɗai ta ishe shi gwaji.
3. Kan yaren C aka rabu. Wasu sun ce shi ke nuna yadda kwamfuta take aiki ta ciki, wasu suka ce shi ke korar sabon shiga. Ina tare da na biyun.
4. Kallon bidiyo kaɗai ba ya isa. A rubuta manhajar da hannu a kwamfuta; in saƙon kuskure ya fito, a karanta, yakan faɗi layin da matsalar take.
5. Ban da tsalle daga yare zuwa yare.