Wai me ya sa yaran yanzu ba sa ganin girman malamai ne?

Abu_Sadiq:
Salamu alaikum jama'a. Ni malamin lissafi ne a wata sakandaren gwamnati, kuma wallahi abin da muke gani yanzu sai addu'a. Kana kan allo kana bayani yaro na danna waya a ƙarƙashin benci, ka ce kawo wayar nan ya ce ba zai bayar ba, in ka matsa gobe sai ga yayansa da abokai suna jiranka a bakin get. Mu fa da in muka hango malaminmu a hanya ko dai mu canza lungu ko mu ruga mu durƙusa mu karɓi kayan hannunsa. To laifin wa ne, yaran ne ko iyaye ko mu malaman?

Baba_Mai_Ritaya:
Wa alaikumus salam ɗana. Yaro abin da ya ga manya na girmamawa shi yake girmamawa. Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne a Midil ta Bauchi, Sardauna ya koyar a Sakkwato, Malam Aminu Kano ma a aji ya fara, haka Shehu Shagari. Lokacin da muka fito daga kwalejin horon malamai da Grade II, malami shi ne mai keke sabo fil a ƙauye, shi ke karanta wa dagaci wasiƙa, in ya nemi aure ba a ja masa rai. Daga UPE ta 1976, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka fara kwaso mutane barkatai saboda yara sun yi yawa malamai ba su isa ba, daga baya kuma aka rufe kwalejojin. Yau malamin firamare sai ya bi mai shago bashin taliya kafin 20 ga wata, kuma ɗan mai shagon na ajinsa, shi ne ma yake rubuta bashin a littafi. Ka gaya min da wane ido yaron nan zai kalle shi ran Litinin?

Maman_Ilham:
Baba Allah ya ƙara girma, gaskiya kuka faɗa, amma a bar ni in faɗi ɗaya ɓangaren. Malam Abu kar ka ji haushi, wasu malaman su suka zubar da girmansu da hannunsu. Lokacin WAEC da NECO wa ke karɓar kuɗin "taimako"? wa ke rubuta amsa a allo ya sa yaro gadin taga kar sufabaiza ya shigo? Yaron da kuka yi satar amsa tare ai ya zama abokin sirrinka, ba zai ƙara durƙusa maka ba. Sannan mu tuna Kaduna a 2017, da gwamnatin El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare jarabawar 'yan aji huɗu sama da dubu 21 suka faɗi, ko mutum ya yarda da yadda aka yi korar ko bai yarda ba, takardun nan sun yi yawo a Facebook yara sun gani. Ga masu tura wa ɗalibai mata saƙo a WhatsApp da daddare, wannan kam ba sai na ce komai ba.

Ticha_Zee:
Hmmm Maman Ilham ku iyaye fa? ni a firabet nake, a nan yaro kwastoma ne. Na taɓa sa wata yarinya ta ɗaga hannu sama minti biyar saboda ta zagi 'yar uwarta, washegari uwar ta shigo har cikin aji tana nuna ni da yatsa wai nawa ne albashin naki, a gaban yara fa, mai makaranta kuma ya kira ni ofis ya ce in ba ta haƙuri don kar su cire 'ya'yansu uku. Na bayar, ya zan yi. Abin mamaki yarinyar nan da yamma a Islamiyya kanta a ƙasa take gaida Ya Sayyadi, don a gida an gaya mata albarkar karatu na wurin malam. Mu na boko kuwa an gaya mata biyan mu ake yi.

Abu_Sadiq:
Maman Ilham ban ji haushi ba wlh, maganar satar amsa gaskiya ce, kuma wanda ya ƙi shiga cikin harkar shi ake kira mugu, har iyayen su zo su ce ka hana ɗansu ci gaba. Baba kun tuna min, ran 5 ga Oktoban 2020, ranar malamai ta duniya, Buhari ya yi alƙawarin tsarin albashi na musamman ga malamai, an dai sa hannu a dokar ritaya a shekara 65 a 2022, amma albashin ni dai har yau ban gan shi a alat ɗina ba. Ticha Zee ku a can wane mataki kuke ɗauka kan waya? mu firinsifal ya ce a ƙwace sai ƙarshen zango, PTA ta ce ba ta yarda ba, ranar Asabar za a sake zama.